Ƙaho ba ya shiga tukunya

Jama'ar Sabo, editanmu ya daɗe yana bina bashin rubutu, duk inda muka haɗu sai ya ce, "Malam, ina alkawari?" ni kuwa in ce masa sai kasuwa ta lafa. To yau ga shi na biya, amma ba wa'azi na kawo ba. Maganar sa ce, san watandar ƙaramar Sallar da ta wuce, wanda gida arba'in daga cikinku suka ci namansa. Na san wasu har yanzu suna da magana a ciki, sun haɗiye ne don ganin furfurata da kuma sallar da nake ja musu in Liman ba ya nan.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne ni ba baƙon shanu ba ne. An kawo ni Ibadan ina ɗan shekara goma sha biyu, hannun kawuna, Allah ya ji ƙansa, dillalin shanu ne. Da safe ina kara ina riƙe igiya, da yamma ina Islamiyya. Ban daɗe da zuwa ba aka yi annobar bushiya ta 1983, wadda ta share garkuna a Arewa, na ga manyan mutane suna kuka da hawaye a ƙofar gidan Kawu. Shekara tara na yi ina bin bayansa kafin in koma sayar da hatsi.

Yaranmu na yanzu da yawa ba su san cewa unguwar nan, tun da aka kafa ta a 1916, a kan goro da shanu ta tsaya ba. Goro ya hau Arewa, shanu su gangaro. Wasu a jirgin ƙasa daga Nguru da Kano da Ƙauran Namoda, wasu da ƙafa, su ƙetare Kwara a Jebba, su biyo Ilori da Ogbomosho da Oyo. Su na ƙafar nan sukan iso tsando ya riga ya cije su a hanya, sammore na cinsu a ciki, kowace rana da suka ƙara a kara rama suke yi. Dole a sayar da wuri. Mahautan Yarbawa, alapata, su ɗauka bashi, maigidan da baƙo ya sauka a wurinsa shi ke tsayawa har kuɗi su fito. Duk wannan ciniki na maƙudan kuɗi, babu sikeli ko ɗaya a cikinsa. Har gobe ma babu. Tirela ta maye gurbin jirgi, tana ɗauko su daga Potiskum da Maigatari da Illela, amma sa dai da ido ake sayensa. Mutumin da zai ɗauki sa bashi, ya yanka, ya sayar, ya biya, ya ga ɗan abin da zai kai gida, tilas ya san nawa ne nama a cikin fatar nan tun dabbar tana tsaye tana kaɗa wutsiya. Maganganun 'yan kara da zan kawo muku, wannan aikin suke yi. Su ne sikelin.

Ta farko da na fara ji, kuma na sha ranƙwashi a kanta, ita ce "ƙaho ba ya shiga tukunya." Yaro in ya shiga kara, ƙaho ke fara ɗauke masa ido. Ni ma haka. Na tuna wani jan sa Rahaji, irin na Bororo, ƙahonsa kamar ya taɓa sama, na tsaya na saki baki. Kawu ya ce, "Kai yaro, zo nan. Nawa za ka saya?" Na faɗi kuɗin da ya fi na wani Bokolo da ke kusa da shi, mai ɗan guntun ƙaho da kunnuwa a sake da fatar wuya tana reto. Aka kwashe da dariya. Kawu ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan Bokolon, ya ce in duba tsakanin cinyoyinsa da faɗin kwankwasonsa, sa'an nan in koma in duba na jan. Na jan kamar an matse shi da ƙofa. Ya ce, "Mutum ta gaba ake gaishe shi, sa kuwa ta baya." Gaskiya ce kuwa, domin tsoka mai tsada a baya take: cinya, kwankwaso, gadon baya. Gaba kai ne da wuya da ƙashi.

Akwai ta dogon ƙafa. In sa ya cika tsawo, ka tsuguna ka hango mutanen da ke wancan gefen ta ƙarƙashin cikinsa, sai su ce, "rabin kuɗinka iska ka saya." Wani abokin Kawu, mahauci, cewa yake shi bai taɓa ganin wanda ya zo da kwano ya ce a auna masa iskar ƙarƙashin ciki ba. Abin da suke so shi ne sa mai zurfin ƙirji, haƙarƙari a buɗe kamar ganga, ƙafa daidai misali. Suna kuma son tsawon jiki daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, don a nan nama ke kwanciya. Tsawon kwance daban, tsawon tsaye daban, in ji su.

Tozo kuwa "asusun sa" suke kiransa. Abin da dabba ta tara lokacin damina, nan take ajiye wani abu daga ciki, in rani ya yi tsanani ta riƙa zara. Tozon da ya cika ya tsaya ƙyam, ka tura shi da hannu ya dawo, alamar dabba ta ƙoshi da daɗewa. Wanda ya saki ya kwanta gefe guda kamar hular da ta sha wanki, mai shi ya ga wahala, ko da kuwa cikinsa ya yi tulu.

Wannan ta kawo ni ga wadda ta fi kowace muhimmanci a wurina yanzu: "ciki bashi ne, kwankwaso kuɗi hannu." Ka ji maganar mutanen da suka san zafin bashi. Tumbin sa babban rumbu ne. Sa mai ƙishirwa zai shanye fiye da jarka guda mai lita 25 a tsaye ɗaya, kuma kowace lita kilo guda ce. In aka ba shi dusa da gishiri ko kanwa da daddare, da safe aka sake shi a kan ruwa, kafin hantsi za ka gan shi ya cika ya batse, ramin kwiɓinsa na hagu ya shafe. Duk wannan a kwata zai zube ƙasa. Ko lafiyayyen sa ma, in aka cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki da jini, abin da ke saura kusan rabin nauyinsa ne. To ina ga wanda aka cika da ruwa? Shi ya sa Hausawa suka ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, amma 'yan kara sukan ƙara da cewa alama ce kawai.

Maganin wannan kuwa hannu ne. "Ido ke tayi, hannu ke biya." Ban taɓa ganin Kawu ya amsa ciniki bai taɓa dabba ba. Zai kama gindin wutsiya ya matsa ya ji ko akwai kitse a gefe da gefe. Zai shafa haƙarƙarin ƙarshe ya ji ko yatsa na faɗawa tsakaninsu. Zai damƙi fatar kwiɓi, ya taɓa ƙirji tsakanin ƙafafun gaba. Ruwa na iya kumbura ciki cikin sa'a guda, amma ba ya sa kitse a gindin wutsiya, wannan aikin watanni ne. Daga nan a buɗe baki. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi sa ke zubar da na nono biyu na tsakiya ya fid da manya, daga nan kusan duk shekara ya ƙara biyu, in takwas ɗin suka cika ya kai biyar ko ya kusa. Bayan haka sai su fara cinyewa suna barin giɓi. "Mai shi na rage shekara, baki ba ya ragewa." Wannan ta yi mini amfani a limanci ma, domin a mazhabarmu ta Malikiyya saniya ko sa ba su isa layya sai sun cika shekara uku sun shiga ta huɗu, kamar yadda muka karanta a Risala, kuma sau da yawa akan kira ni in duba bakin abin da aka sayo.

Amma kada wani ya ɗauka maganganun nan wahayi ne. Wata rana wani dattijon Bafulatani da ya rako shanunsa ya ji ana kushe dogon ƙafa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ku da kuke zaune a inuwa. Ƙafa ce ke kai nagge ruwa." Kuma ya fi su gaskiya a nasa fagen. Rahajin nan da mahauci ke rainawa, shi ke iya tafiyar yini guda cikin rani ya kai rijiya ya dawo, inda mai nauyin jiki zai durƙushe a hanya. Ƙahon da ba ya shiga tukunya, a wurin makiyayi ado ne da asali, da shi yake gane jinin garkensa, kuma zoben da ke gindin ƙahon saniya na gaya masa kusan sau nawa ta haihu. In saniyar tatsa yake nema, hantsa yake dubawa da jijiyoyin da ke ƙarƙashin ciki, ƙiba ma ba ta burge shi, cewa yake mai tara wa kanta ba ta tara wa ƙwarya. Manomi mai neman san huɗa kuwa kafaɗa da kofato da sanyin hali ne nasa. Ga Bunaji farare masu baƙin kunne da suka fi kowane iri yawa a ƙasar nan, tsaka-tsaki ne, kowa na samun nasa a jikinsu. Ga Kuri na tafkin Chadi, ba tozo, ƙaho a kumbure, suna iyo tsakanin tsibirai. Ga Muturu na nan kurmi, guntaye, su ma ba tozo, ɗan Arewa ya gansu ya yi dariya, alhali su ke zaune lafiya a inda tsando ke kashe manyan namu. Kowace magana da bakin da ta fito. Mai watanda dai ta mahauci ce tasa, don tukunya yake nufa.

To, duk wannan na sani. Sai ku tambaye ni yaya aka yi.

Kun san yadda muke yi a masallacinmu. Tun daga Rajab ake fara zubi, kaso arba'in, bara kowane kaso naira dubu talatin, kuɗin a hannuna. (Bari in sake faɗa don masu tambaya kowace shekara: watanda nama ne na Sallah, ba layya ba ce. A Malikiyya ba a haɗa kuɗi a sayi dabbar layya ɗaya.) Shekara da shekaru kara nake zuwa da kaina tare da wani dattijon mahauci na unguwar nan, wanda duk kun sani, ba sai na kira suna ba. Bara azumi ya zo da zafi, kasuwar hatsi ta riƙe ni, kuɗin shanu kuma ya yi tashin da ban taɓa gani ba. Ana saura kwana biyar Sallah, ɗana ya zo da waya ya ce, "Baba, duba wannan." Hoton wani jan sa ne a WhatsApp, wani mai kiwo a bayan gari ke sayarwa, ba dillali, ba la'ada. An ɗauki hoton daga gaba, daga ƙasa, mai ɗaukar kamar a tsugune yake. Ƙaho ya cika wayar. Wallahi ni da kaina na ce, "Tubarkalla." Ni da aka ranƙwasa a kan ƙaho shekara arba'in da suka wuce.

Na je, kada a ce ban je ba. Amma da la'asar na je, da azumi a bakina, ina sauri in dawo kafin shan ruwa, kuma ban ɗauki Baba mahauci ba don ina jin nauyin ɗan abin da nake ba shi, ina ganin na rage wa jama'a kashe kuɗi. San yana ɗaure a gindin bishiya, cikinsa fam. Rahaji ba ya son baƙo, ina matsowa ya sunkuyar da kai yana huci. Ina sanye da farar riga. Sai na tsaya daga nesa, na zagaya rabi, na ce ai ya yi. Ban kama wutsiya ba, ban buɗe baki ba. A raina har ina lissafin yadda za a yi kallo in an shigo da shi unguwa. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mini wuyar rubutawa: yara su biyo shi da ihu, a ce san Malam ne. Aka yi ciniki a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin, sauran ya tafi a mota da yanka.

An kuwa yi kallo. Yara sun biyo shi har ƙofar masallaci. Baba mahauci ya zo da daddare da tocila, ya zagaya bayansa, ya sa aka riƙe masa kai, ya matsa gindin wutsiya, ya ɗaga leɓe ya haska. Bai ce komai ba sai, "Malam, nawa?" Na faɗa. Ya ce, "Allah ya sa albarka." Duk wanda ya san dattijon nan ya san wannan addu'ar tasa ta fi zagi ciwo.

Ranar jajibere aka yanka. Kwana biyu da ya yi a wurinmu yana cin ciyawa ba dusa, cikin nan ya riga ya sauka, ƙasusuwan ƙugu sun fito kamar an rataya riga a kan kujera. Haƙora duk sun cinye, tsoho ne tukuf. Da aka feɗe, naman ja wur ba ɗigon kitse, ƙashi kuwa sai ka ce na raƙumi. Aka shimfiɗa buhuna aka fara kasawa. Robar da shekarar da ta gabata ake dannawa kafin ta rufu, bara ana ganin gindinta. Ganda da kai da ƙafa ne suka rufa mana asiri. Wani yaro ya kai nasu shagon da ke da sikeli, ya dawo yana faɗa da ƙarfi cewa kilo uku ne ba kaɗan, rabi ƙashi. Uwarsa ta ce ya rufe baki.

Abin da na fara yi shi ne kare kaina. Na ce tsada ce, kowa ya san yadda kasuwa take, na kawo kuɗin mota da na dizal da matsalar hanya. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su ne dalili ba. Har na so in ce an cuce ni, an ɗura wa sa ruwa. Na san hukuncin wannan: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar nono ya taru a hantsar dabba don a ruɗi mai saye, ya ba mai sayen zaɓin mayarwa. Malamai sun ɗora ɓoye aibi a kan wannan. Amma me zan kai gaban alƙali? Mutumin bai hana ni taɓawa ba, bai ce mini yaro ne ba, ban ma tambaya ba. Shayar da dabba da rani ba laifi ba ne. Abin da ke zuciyarsa, shi da Allahnsa.

Da yamma wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mai 'ya'ya biyar, wadda take kawo zubinta dubu biyu dubu uku daga kuɗin awara, ta aiko ƙaramar 'yarta da robar. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Malam, wai in ji Umma, ko an manta ba a gama zuba namu ba?" Ba da gatse aka aiko ta ba, da gaske suke tambaya. Mai ɗakina tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Da yarinyar ta fita sai ta ce, "Malam, tsadar ce za ka gaya mata ita ma?"

Da asubar Sallah kafin idi na aika Bodija aka sayo nama da kuɗina, aka ƙara wa gida bakwai da na san ba su da wani naman sai wannan. Sauran talatin da uku ban iya ba, ƙarfina bai kai ba. Bayan sallar isha'i na tashi na gaya wa waɗanda ke masallaci abin da ya faru, kusan yadda na rubuta shi a nan. Wasu suka ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Mutum biyu suka ce bana ba za su zuba ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ba ya nan a daren, ga shi yanzu ya ji, ina kuma roƙonsa ya yafe mini.

Bayan Sallah na je gaida Baba mahauci, na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini a daren da ya haska ba. Ya ce, "An riga an biya, Malam. In na faɗa, barcinka kawai zan hana." Sai ya tambaye ni maganar Kawu a kan ido da hannu, na kawo masa ita tiryan-tiryan. Ya ce, "To ai ka haddace." Muka yi shiru. Daga baya ya ce abin da ke damunsa shi ne yaran da ke shiga harkar yanzu da waya suke saye, a turo hoto daga Potiskum a tura kuɗi daga nan, kuma a cikin goma da wuya ka sami biyu da suka taɓa sa yatsa a bakin sa. Nasa 'ya'yan ma acaɓa da sayar da waya suka zaɓa.

Zubin bana ya fara, kaso talatin da takwas ne zuwa yanzu. Mun shirya cewa kuɗi za su zauna a hannun mutum biyu, saye kuma mutum uku za su je, Baba mahauci a gaba, la'adar dillali da ladan Baba duk a rubuta su cikin lissafi tun farko. Da safe za a je, kafin a shayar. Baba ya ce duk mai yaro da yake so ya ga yadda ake duba sa, ya turo shi ranar Asabar bayan sallar asuba, a ƙofar masallaci za a haɗu, za a riƙa zuwa kara ana koyo tun kafin azumi. Ya ce kada kowa ya sa farar riga. Na sa sunan ɗana, na sa nawa a ƙarƙashinsa.